Layin Goge Na Biyu

"Ba zan sa hannu ba."

Selva Urrutia ta faɗi haka tana tsaye, domin ba a ce ta zauna ba. Dakta Larrosa, wanda sojoji suka ɗora a kujerar shugabancin cibiyar adana kiɗe-kiɗe bayan sun karɓi mulki, ya cire tabarau ya dube ta kamar bai ji da kyau ba.

"Yarinya, ba shawara na kira ki ba. Masu ɗab'i suna jira. Ki sa hannu cewa abin da ke cikin akwatin nan rubutun Maestro Bentancor ne daga farko har ƙarshe, mu aika musu."

"Ba nasa ba ne daga farko har ƙarshe, Dakta. Ranar Juma'a da na kulle akwatin, layin goge na biyu a kashi na ƙarshe fari ne fat, ba rubutu a kai. Yau da safe na buɗe, na tarar an cika shi."

"Idonki ne ya gaji."

"Idona lafiyarsa ƙalau."

"To, kin ɗauki hoton shafin kafin a cika shin?"

Ba ta ɗauka ba. Shi ma ya san na'urar ɗaukar hoton ta daɗe a lalace.

"Kin gani?" Ya mayar da tabaransa. "Ranar Alhamis kwamiti zai zauna, kuma akwai baƙo daga ma'aikatar gwamnati. Ki je ki huta, ki dawo da alƙalami. Mahaifiyarki ke kaɗai gare ta, ko ba haka ba?"

Ta fita, ta ja ƙofa.

* * *

Kiɗan goge huɗu guda bakwai Anselmo Bentancor ya bari a duniya, kuma dukkansu don mutanen gidansa ya tsara su. Shi ke riƙe da goge na farko, ɗansa Yamandu na biyu. Amininsa Don Hebert shi ke jan biyola, wadda ta ɗara goge girma da kaurin murya. Matarsa Doña Elbia kuwa ita ke rungume da celo, babban cikinsu. Wata safiya wasu mutane cikin farin kaya suka tare Yamandu a wurin jiran bas, suka tura shi cikin mota, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A shekarar nan Maestro ya rubuta kiɗa na bakwai, ya kwanta, bai tashi ba.

A kashi na ƙarshe na kiɗan, mutum uku ne ke kiɗa. Na huɗun zai zauna a gaban jama'a da gogensa a cinya, bai ja ko sauti ɗaya ba har a tafa. Babu wanda zai ga haka a birnin Montevideo ya nemi a yi masa bayani.

Selva ɗalibarsa ce, kuma ita kaɗai ya yi wasiyyar ta tace rubutunsa kafin a buga. Masu ɗab'i na ƙetare sun ce ba za su taɓa shafi ɗaya ba sai da sa hannunta. Ta shafe watanni tana gwada kwafi da kwafi, tana rarrabe kuskuren alƙalami da abin da tsohon ya yi da gangan. Farin layin nan da gangan ne, ta san haka kamar yadda ta san sunanta.

Ta koma ɗakin ajiya, ta shimfiɗa shafin a bakin taga. Wanda ya yi aikin ya iya. Tawadar shunayya ce irin ta Maestro, kuma ɗige-ɗigen sautin sun karkata dama kamar nasa. Tawadar ba ta nuna kowa ba, domin kwalbarta na nan bisa teburin Maestro da aka kawo aka ajiye a zauren cibiyar, kowa na wucewa ta gabanta. Mabuɗin akwatin ne ya rage. Ban da nata, uku ne: na Dakta, na Doña Elbia, da na Don Hebert, wanda ke ba kwamiti shawara.

Da hantsi ma'aikata suka taru shan mate, shayin ganyen da ake sha a ƙoƙo ɗaya, kamar kullum. Ƙoƙon ya zagayo daga hannu zuwa hannu, da ya iso kan Selva sai ya tsallake zuwa na gefenta. Babu wanda ya dube ta. Ashe labari ya riga ya zaga. Ta taga kuma ta hango wata mota mai ruwan toka a tsallaken titi, da mutum biyu a ciki, ba sa karatu, ba sa hira.

* * *

Dakta ne Selva ta fara zargi, don shi ne mai abin tsoro idan littafin ya fito da farin layi. Ta sauka wurin mai gadi, ta miƙa masa taba.

"Dakta ya leƙo ranar Asabar?"

"Dakta? Ranar hutu?" Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Tun Juma'a da rana direban wani Kanar ya ɗauke shi, suka tafi gona cin gasasshen nama. Jiya da yamma ya dawo, fuskar nan ja wur."

"Ba wanda ya shigo ke nan?"

Ya dubi titi, ya dubi tabar. "Ni ƙofar gaba nake tsaro, Señorita. Ta baya masu mabuɗi ne ke bi, ba ruwana. Ta gaba dai tsohuwar ce ta zo, matar marigayi. Ta daɗe a ciki. Kuma ni ban gaya miki komai ba."

Ba wanda ya san hannun Maestro kamar matar da ta zauna da shi tun ƙuruciya.

* * *

Ana ruwa ta isa gidan, unguwar duk ta ɗauki ƙanshin fanken da ake soyawa duk ranar da sama ta zubo. Doña Elbia ta buɗe ƙofa kaɗan, da sarƙa a maƙale.

"Wane ne?"

"Ni ce, Doña. Selva."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ta shigar da ita kicin, ta ƙara muryar rediyo kafin ta zauna, kamar yadda kowa ya koyi yi idan za a yi magana.

"An ce kin je cibiya ranar Asabar."

"Na je. Laifi ne? Na zauna a kujerarsa, na dafa teburin. Nan gidan ba sauran warinsa, can kuwa har yanzu itacen na warin tabarsa." Ta laluba ta ɗauko buta. "Yaushe za a buga, 'yata? Ina so in ji na bakwai ɗin nan da kunnena kafin in bi shi. Ko a rediyon wata ƙasa ne."

Selva tana kallon hannunta. Tsohuwar ta karkata butar, ruwan zafin ya zuba a gefen ƙoƙon, ya malale bisa tebur, ba ta sani ba sai da ya taɓa yatsanta. Yanar ido ta rufe idanun nan biyu fari fat. Wadda ba ta ganin bakin ƙoƙo ba za ta jera ɗige-ɗige ƙanana kamar ƙwayar gero a kan layi ba. Kunya ta kama Selva. Ta karɓi butar ta zuba da kanta.

"Doña, akwai abin da ya faru. An cika layin goge na biyu."

Tsohuwar ta ture ƙoƙon gefe. Rediyo na ta tallar sabulu.

"An sa wa Yamandu baki ke nan," in ji ta a hankali. "Sun ɗauke shi, yanzu kuma za su sa shi kiɗa kamar ba abin da ya faru. Wa ya yi?"

"Ban sani ba tukuna."

"Mabuɗina na nan a wuyana, ko wanka ba na cire shi." Ta kamo hannun Selva ta matse. "Idan kin ƙi sa hannu, ba za a buga ba?"

"Ba za a buga ba."

"Ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin?"

"Ko ɗaya."

Doña Elbia ta saki hannun. Ba ta ce ki sa ba, ba ta ce kada ki sa ba. Ta tura mata farantin fanke kawai.

* * *

Selva ta sami Don Hebert washegari a shagon kofi da ya saba zama, kusa da tsohuwar kasuwa. Tun tana 'yar makaranta take ce masa kawu, shi kuma yana ce mata lauya.

"Ga lauya da kanta! Wa za a ɗaure yau? Zauna, kin rame. Ba saurayi, ba abinci, sai ƙurar takarda."

"Kawu, ka ji abin da aka yi?"

"Wa bai ji ba?" Ya rage murya. "Aikin Larrosa ne, ko wani da ya saka. Mutumin da ke buga piyano kamar yana sara nama, me ba zai yi ba?"

"Ba ya gari."

"To yaransa. Ni dai mabuɗina ban ma san inda na jefa shi ba." Ya juya cokali a kofi, ya yi ta juyawa. "Amma an ce layin bai yi muni ba. An ce duk wanda ya rubuta ya san zuciyar Anselmo."

"Wa ya ce? Ni kaɗai na buɗe akwatin."

"Magana ce ta gari, lauya, kada ki fara da ni." Ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba. "Saurara. Motar da ta sa miki ido, na san irinta. Ni na raka Elbia bariki-bariki muna tambayar Yamandu, ana ce mana ba a san wani mai wannan suna ba. Ba na so in raka uwarki. Layi ɗaya ne. Ki sa hannu, duniya ta ji kiɗan, wata rana idan gari ya waye a gyara."

"Abin da aka buga da sunana ba ya gyaruwa, kawu. Kowa zai ce ai Selva ta gani da idonta."

"Girman kai," in ji shi. "Anselmo ma haka yake."

Da ta fito, motar na bakin kasuwa. Ta bi ta a hankali har tashar bas, taya na murza ruwa a gefenta. Selva ta kafa ido gaba, ta ƙi sauri.

* * *

Ranar Laraba da rana ta kwafe layin da aka ƙara, ta kai gida, ta rufe ɗaki, ta ɗauko gogenta. Ta riga ta gaji da kallon rubutun, yanzu so take ta ji shi.

Layin na da daɗi, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ya bi ƙarƙashin goge na farko kamar mai rarrashi, yana sauka a hankali, yana ƙara sauka. Tana binsa har ta kai kan tsirkiya ta huɗu, mafi kauri, ta sake ta ba yatsa, wato iyakar zurfin da goge ke iya kaiwa. Rubutun kuwa bai tsaya ba. Ya ƙara gangarawa, ya sauka kan wani dogon sauti da ke ƙasa da abin da gogen ke da shi. Yatsunta suka tsaya a iska.

Ta matso da takardar. A saman ɗigon akwai ɗan ƙaramin zobe, wanda ta kwafa ba tare da ta lura ba. Alama ce da masu jan izga ke sakawa ba tare da tunani ba, ma'anarta a ja tsirkiyar a sake, kada a danne ta. Mai piyano ba ya rubuta ta, don ba shi da tsirkiyar da zai saki. Wanda ya rubuta layin nan ya gwada shi a kan abin kiɗansa, kuma abin kiɗan nasa na da wannan tsirkiya. Goge ba shi da ita. Celo da biyola ne ke da ita, mai celo kuwa ba ta gani.

Selva ta zauna a bakin gado da gogen a hannu. Mahaifiyarta ta ƙwanƙwasa ta ce abinci ya huce, ta amsa da to, ba ta tashi ba.

* * *

Ranar Alhamis aka zauna a zauren da teburin Maestro yake. Dakta Larrosa a tsakiya, Doña Elbia da sandarta a gefe, Don Hebert kusa da ita. Can baya, kusa da ƙofa, baƙon ma'aikata ya zauna da rigar ruwa a jikinsa. Ba a faɗi sunansa ba, shi ma bai gaisa da kowa ba.

Dakta ya tura takarda da alƙalami. "Señorita Urrutia ta huta, ina fata."

"Na huta, Dakta. Sauran tambaya ɗaya ta aiki, sai mu gama." Ta buɗe akwatin gogenta. "Akwai wurin da na kasa kaɗawa. Kawu, kai ka fi ni sanin hannun Maestro. Taimaka mini."

"Ni da goge? Rabona da wannan ɗan tsako tun ina da gashi." Ya dubi mutane yana neman wanda zai yi dariya. Ba wanda ya yi.

"Daga nan kawai," ta nuna masa a shafin.

Ya karɓa, ya saƙale a haɓa, ya fara. Bai ma dubi takardar sosai ba, layin na fita daga hannunsa kamar abin da ya kwana da shi. Ya sauka, ya sauka, ya zo kan dogon sautin, hannunsa ya kai izga kan tsirkiya ta huɗu ya sake ta da ƙarfin zuciya, kamar yadda ya saba a biyola. Wani sauti dabam ya fito, sama da wanda aka rubuta, ya tsaya a zauren kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Doña Elbia ta ɗago kai. Ido ne ya mutu, kunnen na nan.

"Wannan sautin babu shi a goge," in ji Selva. "Kuma an sa masa zoben sakin tsirkiya."

"Kuskure ne na tsufa," Dakta ya yi saurin cewa. "Maestro ba shi da lafiya a lokacin."

"Maestro tun yana yaro goge ke haɓarsa, Dakta. Ko a gadon mutuwa ba zai nemi tsirkiyar da bai taɓa mallaka ba. Mai biyola ne ya rubuta wannan."

Don Hebert ya sauke gogen a hankali ya ajiye bisa tebur.

"Hebert," in ji Doña Elbia. Ba tambaya ba ce.

"Sun zo gidana, Elbia." Bai dubi bayan zauren ba. "Sun ce idan littafin ya fito haka, ke za su fara tambaya, sannan yarinyar nan. Na ce a raina gara in yi shi da kaina, da hannun da ya san shi, da a ba wani mahauci. Na yi masa layi mai kyau. Na rantse mai kyau na yi masa."

"Ya yi kyau," in ji tsohuwar. "Shi ya sa ba zan yafe maka ba."

A lokacin ne baƙon ya yi magana, muryarsa a sanyaye kamar mai tambayar hanya.

"Señorita, ni ba makaɗi ba ne, ki fahimtar da ni. Idan ba marigayi ne ya rubuta layin ba, me ya rubuta a wurin?"

"Bai rubuta komai ba."

"Mantuwa ya yi? Ko ajali ne ya riske shi bai gama ba? Idan haka ne, sai ki rubuta cewa bai kammala ba, abokinsa ya ƙarasa masa. Kowa ya tafi gida."

Ƙofa ce ya buɗe mata, kowa a zauren ya gane. Don Hebert ya dube ta yana roƙo da ido. Dakta ya ƙara turo alƙalamin har ya taɓa yatsanta. Selva ta tuna mahaifiyarta da ke gida tana jiran ta dawo cin abincin rana.

"Ya kammala," in ji ta. "Ya ja layin rufewa, ya sa hannu a ƙasa. Ya bar wurin fari ne saboda mai goge na biyu ba ya nan."

"Ina ya tafi?"

"Ku za a tambaya."

Baƙon ya gyaɗa kai kamar an ba shi adireshin da yake nema. Ya tashi, ya zo ya rufe akwatin rubutun, ya saka shi a hammata, ya fita ba tare da ya ja ƙofa ba.

* * *

Ba su bari ta kai tashar bas ba. An rufe mata kai da buhu, an tsayar da ita fuska ga bango har ƙafafunta suka kumbura suka ƙi shiga takalmi. Duk lokacin da aka cire buhun, takardar nan ce a gabanta, da alƙalami a kai. Ta ce a'a da murya, da muryar ta tafi ta ce da kai. Da suka gaji da ita sanyi ya riga ya wuce, suka ajiye ta a bakin wani titi da asuba, yatsu biyu na hannun hagunta sun karye sun ɗore a karkace.

Ba ta sake danna tsirkiya ba. An sa sunanta cikin waɗanda aka haramta wa aikin gwamnati da koyarwa, ta koma ɗinkin maɓalli a wani shagon tela da ke bayan tashar jirgin ruwa. Tsofaffin abokan aikinta idan sun hango ta sai su tsallaka titi. Akwatin da baƙon ya fita da shi ba a sake ganinsa ba, ba a buga ko ɗaya daga cikin kiɗan bakwai ba, kuma Doña Elbia ta rasu ba ta ji na bakwai ɗin ba. A wurin jana'izar wata 'yar'uwar marigayiyar ta tare Selva a bakin kabari, ta ce taurin kanta ne ya binne Maestro sau biyu. Selva ta tsaya ta saurara har matar ta gama, domin akwai gaskiya a ciki.

Aikinta, da hannunta, da kiɗan malaminta, da burin tsohuwar da ta ciyar da ita, su ne abin da ƙin sa hannun ya ci. Abin da ya rage mata ɗaya ne: babu littafi a duniya mai ɗauke da sunanta da ke cewa Yamandu Bentancor yana kan kujerarsa.